Labarin Zuciya, a Tambayi Alƙalami

A shekara ta 1933 wani Baturen makaranta mai suna Rupert East ya bar ofishinsa a Zariya, ya shiga zaga manyan garuruwan Arewacin Nijeriya da wata buƙata wadda ba a saba jin irinta ba. Shi ne shugaban Hukumar Fassara, wadda aka kafa a 1929 domin ta samar wa makarantun gwamnati littattafai da Hausar boko. Hukumar ta riga ta fitar da littattafan tarihi da na koyarwa, amma East ya lura yaro ba ya taɓa irin waɗannan in an tashi daga makaranta. Wanda ya koyi karatu kuwa bai sami abin da zai karanta don jin daɗi ba, ba da daɗewa ba sai karatun ya zube. Saboda haka ya roƙi malamai su ƙago labarai daga kansu, kowane labari ya kai wajen kalmomi 20,000, aka ce za a buga waɗanda suka fi kyau.

Malamai da yawa ba su karɓi maganar da hannu biyu ba. A wurinsu alƙalami na addini ne, da shari'a, da tarihin sarakuna, da wasiƙa. Ƙagaggen labari kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffin mata da yara bayan an ci tuwon dare, har mai ba da ita kan rufe da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Ina dattijo mai rawani zai zauna ya ɓata tawada a kan ƙarya? East da kansa ya ba da labarin wannan wahala a wata mujalla mai suna Africa a 1936.

Wannan damuwa ba ta tsaya ga malaman wancan zamani ba. Har yau a cikin ikkilisiya akwai dattawa masu tsoron Allah waɗanda in suka ga yaro riƙe da littafin labari sai su ce yana ɓata lokaci a kan abin da bai taɓa faruwa ba. Tambayarsu tana da nauyi, ta kuma cancanci amsa. Tarihin littattafan da suka fito daga wannan gasa yana ba da wani sashi na amsar.

Littattafai biyar aka buga a tsakanin 1934 da 1935. Su ne Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda Malam John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Domin 'yan makaranta aka yi su, yawancin marubutan ma malaman makaranta ne. A cikinsu akwai aljanu, da tsafi, da tafiye-tafiyen da ɗan adam bai taɓa yi ba. Duk da haka wanda ya san rayuwar mutanen nan, in ya buɗe littattafansu zai tarar da su a ciki, kowa da garinsu, da sana'arsa, da abin da ya tsaya masa a rai.

Yaron da ya ga faɗuwar Kwantagora

An haifi Bello Kagara a 1890 a garin Kagara, cikin ƙasar da Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, yake iko da ita. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne sananne. A farkon 1901 sojojin Lugga suka ci Kwantagora, sarki ya fita gudu da jama'arsa. Bello yana da shekara goma sha ɗaya ke nan, wato ya isa ya gane abin da ake ciki, bai kuwa isa ya ɗauki makami ba. Bayan shekara biyu Kano da Sakkwato suka faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi a 1903.

Wannan yaro daga baya ya shiga makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, wadda Hanns Vischer ya buɗe a 1909. Shi Vischer da fari a matsayin ɗan mishan na C.M.S. ya zo ƙasar, kafin ya koma aikin gwamnati. Daga nan Bello ya zama malami a Kwalejin Katsina, yana cin albashin mutanen da suka rushe duniyar da aka haife shi a ciki.

To, da aka ce ya ƙago labari, sai ya ƙago Ganɗoki, barden Kwantagora wanda ya yi yaƙi da Nasara, ya ƙi miƙa wuya. Sashin farko na littafin kusan tarihi ne, da sunayen garuruwa da sarakuna na ainihi. Amma da yaƙi ya ƙare ba nasara, sai marubuci ya ɗauke jaruminsa tare da ɗansa Garba Gagare ya kai su ƙasashen aljanu, inda takobi yake da amfani har yanzu, inda kuma babu bindiga mai ruwa. Can suka yi ta cin nasara. A ƙarshe Ganɗoki ya komo gida, ya tarar zamani ya sake, ya zauna cikin sabon mulki.

Malami mai aikin gwamnati a 1933 ba shi da halin tashi a gaban Razdan ya ce zuciyarsa tana ƙuna saboda abin da aka yi wa Kwantagora. Ganɗoki yana da wannan hali, gama shi ƙagagge ne, ba mai korarsa daga aiki. Nasarar da yaro mai shekara goma sha ɗaya ya so gani bai gani ba, ita ce dattijo mai shekara arba'in da uku ya rubuta. Komowar jarumi gida kuma ita ce hanyar da shi Bello ya bi da ƙafarsa, har ya zama Walin Katsina, ya rasu a 1971. Duka biyu gaskiya ne a rayuwarsa, ƙunar zuciya da kuma haƙuri da abin da ya zo, duka biyu kuwa ya miƙa wa yara.

Akun da ya zama waziri

Ƙanen Bello shi ne Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, bayan an gama yaƙe-yaƙe. Ya tafi Katsina wurin wansa, ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fito a 1932 ya zama malami a Midil ta Katsina. Yana da shekara ashirin da biyu ya rubuta Ruwan Bagaja.

Shi bai ma ɓoye kansa ba. Jarumin littafin sunansa Alhaji Imam, daga Kwantagora kuma ya tashi. Dalilin tafiyarsa shi ne an yi wa Liman, mutumin da ya riƙe shi kamar uba, dariya a fada domin ya ce akwai wani ruwa da zai warkar da ɗan sarki. Yaro ya fita duniya domin ya wanke wannan kunya. Ɗan gidan malamai ne ya rubuta haka, a zamanin da ilimin iyayensa ya fara rasa daraja a gaban sabon ilimi. Jaruminsa ba barde ba ne irin na wansa. Makaminsa wayo ne da iya magana, da su yake karawa da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe daga gari zuwa gari. Wa ya ga yaƙi ya rubuta takobi, ƙane ya tashi a aji ya rubuta harshe.

East ya ga baiwar saurayin, ya sa aka ba da aronsa zuwa Zariya a 1936. A cikin wajen wata shida Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka fara bugawa a 1937. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa, da na Indiya, da na Turai, irin su Alfu Laila da tatsuniyoyin 'yan'uwa Grimm na Jamus. Da yawa daga cikin labaran daga can aka ɗebo su, ba a kuwa ɓoye wannan ba. Wani zai ce, in haka ne ina rayuwar Imam a ciki?

Tana cikin abin da ya ɗinke labaran da shi. A littafi na ɗaya sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuwa ya ƙulla makirci yana jira yaron ya fito daga fada. Ba wanda ya tsaya tsakanin Musa da halaka sai aku, tsuntsun da ba shi da ƙarfi, ba shi da dangi a fada, ba shi da kome sai baki. Duk sa'ad da yaro ya yi ɗamara zai fita, sai aku ya jawo labari ya riƙe shi har gari ya waye. Kowane malamin makaranta ya san wannan aiki. Yana da yara masu zafin jini a gabansa, waɗansunsu 'ya'yan manya ne da ba ya iya tsawata musu, abin da yake da shi na riƙe su shi ne ya sa su so jin abin da zai faɗa nan gaba. Wannan ita ce sana'ar Imam kafin ya zo Zariya. A littafi na uku kuma aku ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih yadda ake ba da labari, yana gyara masa kuskure, kamar yadda ake zama da Imam kansa a ofishin Hukumar Talifi ana duba rubutunsa.

Wani abin mamaki shi ne littafin ya riga mai shi. Aku ya sami sarautar waziri saboda bakinsa. Shekara biyu bayan fitowar littafin, a Janairu 1939, aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa. A 1943 ya tafi Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya zama mutumin da sarakuna da gwamnoni suke sauraron shawararsa, bai gaji sarauta ba, bai riƙe bindiga ba. Ya rasu a Zariya a 1981. Abin da ya gaskata yana saurayi, cewa magana dukiya ce, shi ya rubuta wa yara, shi kuma ya rayu a kai.

Uwar da ta bi ɗanta cikin hamada

Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan makarantar su Imam ne, ɗalibi a kwalejin da Bello yake koyarwa. An haife shi a 1912 a ƙasar Bauchi. Shi ba ɗan sarauta ba ne, mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala yana hidima ne a gidan hakimi. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma Bauchi yana koyarwa a Midil.

Littafinsa ya bambanta da na abokansa, gama babu dariya a cikinsa sosai. Shaihu Umar babban malami ne a Rauta kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. An sace shi yana ƙaramin yaro. Ya bi ta hannuwa dabam dabam har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi daga Kano ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Uwarsa kuwa ta fita nemansa, ita ma aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, aka kai ta arewacin hamada. Sun sadu bayan shekaru masu yawa, tana gab da mutuwa.

Ba a taɓa sace Abubakar ba, bai kuma ƙetare hamada a ƙafa ba. Amma a Bauchin da ya tashi, harin bayi abu ne na jiya jiya. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, sai dai waɗanda suke cikin bauta kafin nan ba a 'yanta su gaba ɗaya ba sai a 1936. Wato a ranar da yake rubuta littafin akwai tsofaffi a unguwarsu waɗanda doka ba ta gama kwance su ba, akwai kuma mata waɗanda suka san ranar da aka raba su da 'ya'yansu. Yaron da ya girma a gindin masu mulki, ba a kan karagarsu ba, ya ji waɗannan labarai daga bakin masu su. Shi ya sa a littafinsa ba a kallon harin bayi daga kan doki. Ana kallonsa ta idon yaro da na uwa.

Akwai kuma halin Umar kansa: mai haƙuri, mai magana a hankali, wanda ilimi ya ɗaga shi daga ƙasa, wanda ba ya rama mugunta. Waɗanda suka san marubucin bayan ya zama Firayim Minista a 1957 sun shaide shi da irin wannan hali, har zuwa ranar da aka kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966. Saurayi mai shekara ashirin da ɗaya ya zana irin dattijon da yake so ya zama. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin sinima.

Masu bi suna da dalili na musamman na karanta wannan littafi da natsuwa. A 1909 mishan ta S.U.M. ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Rumasha, a bakin kogin Binuwai, ta karɓi yaran da aka ƙwato daga hannun fatake. Da yawa cikinsu ba su san sunan garinsu ba, ba su kuma sake ganin iyayensu ba. Waɗansu daga cikin masu bi na fari a Arewa daga irin waɗannan gidaje suka fito. Labarin Umar labarin kakannin waɗansu iyalai ne da suke zaune a majami'u yau.

Mai bi a cikin biyar

Na huɗu shi ne ya fi kusa da masu karanta wannan littafi. Likita Walter Miller na C.M.S. ya iso ƙasar Hausa a 1900 tare da Bishop Tugwell. Sarkin Kano Alu ya sallame su, suka koma Girku. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya ya buɗe makaranta da ɗakin magani, a 1929 kuma aka mai da mishan ɗin Wusasa a bayan gari. A cikin wannan ƙaramar jama'a ta Hausawa da Fulani masu bin Almasihu John Tafida ya yi karatu ya yi aiki, yana kuma cikin waɗanda suka taimaki Miller wajen fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ya fito a 1932.

Wanda ya ji haka zai zaci Jiki Magayi wa'azi ne. In ya buɗe ba zai sami majami'a ba, ba fasto, ba mai bi ko ɗaya. Mutanen ciki Musulmi ne na wani gari mai suna Galma, sunan kogin da ya bi ta gefen Zariya. Wani saurayi, Abubakar, yana son Zainab, ita ma tana sonsa. Wani attajiri, Malam Shehu, wanda bai sami haihuwa ba, ya sa dukiyarsa ya raba su ya aure ta. Abubakar ya rantse sai ya rama. Ya bar gida ya shiga duniya neman asirin da zai lalatar da ɗan da za a haifa, ya sha wahala iri iri har ya samu. Yaron, wanda ake kira Kyauta, ya tashi ɓarawo, ya jawo wa iyayensa kunya, a ƙarshe ya zama sanadin mutuwar mahaifinsa. Da ya gane wanda ya yi masa wannan aiki, shi ma ya fita neman fansa, ya tarar mutuwa ta riga shi.

Ba daidai ba ne a ce abin da ya sami Abubakar ya taɓa samun Tafida. Mutum biyu ne kuma suka yi littafin, ba mai iya rarrabe kowace jimla ya ce wannan ta wane ce. Amma East baƙo ne. Yadda ake neman aure a Zazzau, da yadda kuɗi yake juya zuciyar iyayen yarinya, da zaman kishiyoyi a gidan da ba ɗa, da hanyar da mai neman asiri yake bi daga wannan malami zuwa wancan boka, duk wannan sai ɗan ƙasa. Mutumin Wusasa bai rubuta 'yan'uwansa na cikin birni kamar baƙi ko abokan gaba ba. Ya rubuta su kamar wanda ya san ƙofar gidansu, domin a cikinsu ya fito.

Bangaskiyarsa kuwa tana cikin yadda labarin ya tafi. A cikin littattafan nan biyar, wannan ne ya ɗauki ramuwa ya bi ta daga farko har ƙarshe domin a ga abin da take haifarwa. An zalunci Abubakar da gaske, marubuci bai rage wannan ba. Amma da ya ɗauki hukunci a hannunsa, wanda ya fi shan wuya shi ne jaririn da bai san kome ba, shi kansa mai ramuwar kuma bai ci riba ko ta anini ba. Ba wanda ya yi nasara a littafin. Mutumin da ya yi shekaru yana auna kalmomin Romawa sura 12 da Matiyu sura 5 domin ya sa su cikin Hausa, ya san abin da Littafi ya ce game da mai ramuwa da kuma wanda ramuwa take hannunsa. Bai kawo aya ko ɗaya ba. Ya bar yaro ya bi Abubakar cikin daji, ya ga ƙarshensa da idonsa. Ta haka ɗan mishan ya yi magana da dubban 'yan makaranta waɗanda ba za su taɓa taka Wusasa ba, shekara da shekaru, ba wanda ya ce an yi masa wa'azi.

A wancan hayi na iyaka

Abin da ya faru a Zariya ya faru kuma a ƙasashen da Faransa ta mallaka, sai dai da harshen Faransanci. Wanda ya bi kogin Kwara daga Malanville da Gaya ya haura arewa, ya wuce Yamai, zai kai kusa da ƙasar Tera, inda aka haifi Boubou Hama a ƙauyen Foneko a 1906. A zamaninsa ba iyaye suke kai yaro lakwal ba, hukuma ce take zuwa ta ɗiba, iyaye suna kuka. Haka aka ɗauke shi, daga Tera zuwa Dori, zuwa Wagadugu, har makarantar William Ponty a Senegal. Ya komo a 1929 yana cikin malaman makaranta na fari 'yan Nijar, daga baya ya shugabanci majalisar dokokin ƙasar har zuwa 1974.

A 1972, yana tsoho, ya haɗa kai da wata marubuciya Bafaransa, Andrée Clair, suka rubuta wa yara L'aventure d'Albarka, labarin wani yaron ƙauye da aka raba da gida aka kai shi makarantar Nasara. Albarka shi ne Boubou da wani suna. Kamar Tafida da East, ɗan ƙasa ne ya kawo rayuwa, baƙo ya taimaka da tsari. Kamar Bello kuma, sai da aka yi shekaru da yawa kafin yaron da abin ya faru a kansa ya sami bakin faɗa.

Amsa ga dattawa

Yanzu sai a koma ga tambayar farko. Ƙarya ita ce a faɗi abin da ba haka ba domin a ruɗi mai ji. Ba yaron da ya taɓa zaton aku ya yi waziri da gaske. Abin da yaro ya ɗauka daga waɗannan littattafai shi ne zafin rasa ƙasa, da darajar magana mai kyau, da kukan uwar da aka sace wa ɗa, da banzar ramuwa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da marubutan suka ƙaga. Sun gan su, waɗansu ma sun ɗanɗana su.

Littafi Mai Tsarki kansa ya san wannan hanya. Sa'ad da Dawuda ya yi zunubi a kan Uriya, annabi Natan bai fara da tsawa ba. A 2 Sama'ila sura 12 ya ba sarki labarin wani matalauci da 'yar tunkiyarsa guda ɗaya. Ba a taɓa yin wannan tunkiya ba, amma wanda ya tashi yana kiwon tumaki a Baitalami ya ji ta har cikin ransa, ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa. Misalan Ubangiji Yesu kuma cike suke da abin da mai zama a ƙauyen Galili yake gani kullum: mai shuka, da mace mai cuɗa gari da yisti, da wadda take share ɗaki tana neman kuɗinta, da magini da harsashinsa.

Darasin da ke nan ga ikkilisiya ba mai wuyar ganewa ba ne. A gari irin Malanville yaron masu bi yana karatu da Faransanci a makaranta, yana wasa da Dandanci a waje, yana jin Hausa a kasuwa ko a sujada. Littattafan yara da suke isa hannunsa yawancinsu fassara ce, da dusar ƙanƙara da sunayen da ba ya iya faɗa. Suna da amfaninsu. Amma su ma marubutansu daga rayuwarsu suka ɗebo, shi ya sa suke da daɗi a can inda aka yi su.

Jama'ar masu bi ba su rasa abin ɗiba ba. Akwai labarin Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, waɗanda zuriyarsu suka zo wurin Miller a 1913, suka kafa Gimi, ciwon barci ya cinye yawancinsu. Akwai yaran Rumasha. Akwai wanda aka hana shi gado, da wadda aka raba ta da 'ya'yanta, da iyalin da suka ƙetare kogi cikin dare, da maƙwabci Musulmi wanda ya ɓoye su a ɗakinsa. Da yawa daga cikin masu waɗannan labarai ba za su iya tashi a gaban jama'a su faɗa da sunansu ba, domin waɗanda abin ya shafa suna da rai, ko domin ciwon bai warke ba. Bello Kagara ma bai iya ba. Ya sake wa yaron suna, ya ba shi doki da takobi, ya bar shi ya yi magana.

Mutanen 1933 ba gwanayen rubutu ba ne sa'ad da suka fara. Imam yana da shekara ashirin da biyu, Tafawa Ɓalewa ashirin da ɗaya, ba ɗayansu da ya taɓa buga littafi. Malamin Makarantar Lahadi wanda ya iya riƙe yara talatin a gindin bishiya har a tashi sujada, ya riga ya san rabin aikin. Sauran rabin shi ne ya tuna da abin da ya same shi yana da shekara goma sha ɗaya, ya sayi littafin rubutu a kasuwa, ya sa wa yaron wani suna, ya fara.